Malam Aminu Kano: Kafin Dandalin Siyasa Akwai Dandalin Wasa

Idan aka ambaci sunan marigayi Malam Aminu Kano a ko'ina cikin ƙasar nan, ba abin da yake fara faɗo wa mutane a rai sai siyasa, watau jam'iyyar NEPU da tauraronta, da jam'iyyar PRP da mabuɗinta, da kuma ɗan gajeren mutumin nan mai farar riga da jar hula wanda ya shekara talatin da 'yan kai yana kai da kawowa a kan haƙƙin talakawa. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin a nan ne ya yi suna. Amma fa akwai wani gefe na rayuwarsa wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, ko a makarantu. Tun kafin ya taɓa hawa teburin lacca, Malam Aminu marubucin wasan kwaikwayo ne, kuma mai rubutu a jaridu. Yana ɗan shekara 18 ya fara tsara wasanni da Hausa, kuma abin da ya sa a bakin 'yan wasansa a shekarar 1938, shi ne dai abin da ya yi ta faɗa da bakinsa har ya koma ga Mahaliccinsa a 1983. Wanda bai san wannan ba, da wuya ya gane inda ya samo hanyar da ya bi ya shiga zukatan mutanen da ba su taɓa riƙe jarida ba.

An haife shi ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, daga zuriyar Fulanin nan da ake kira Gyanawa, waɗanda suka daɗe da shahara wajen ilmin shari'a. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a majalisar Alƙalin Kano, mahaifiyarsa Rakiya kuwa ita ma mai karatu ce, kuma a cikin gida ya fara karatun allo. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin yaron da ya tashi a irin wannan gida ya ga shari'a daga ciki. Ya ga yadda mutumin ƙauye yake gurfana yana rawar jiki, ya ga wanda ake saurara da wanda ake daka wa tsawa, ya kuma san abin da littattafai suka ce a yi. Shi ya sa daga baya, sa'ad da masu riƙe da mulki suka riƙa cewa 'yan adawa yara ne marasa tarbiyya waɗanda boko ya lalata, suka rasa yadda za su liƙa masa wannan, don kuwa da littafin da suke kafa hujja da shi yake mayar musu da amsa.

Ya shiga makarantar elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano, inda tun a can ya nuna halinsa, don yana cikin waɗanda suka jagoranci 'yan makaranta suka yi bore a kan rashin kyan abinci da ƙarancin sabulu. A shekarar 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma aka kai ta Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta.

WASANNIN KWALEJIN KADUNA

A lokacin da Aminu ya shiga kwaleji, rubutaccen wasan kwaikwayo baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Abin da ake da shi kawai shi ne 'yan wasanni shida da Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya tsara cikin shekarun 1930 don amfanin makarantu, yawancinsu kuwa daga tatsuniyoyi da labarun gargajiya aka ɗebo su. Amma kwaikwayo kansa ba baƙo ba ne. Akwai wasan gauta, inda matan fada suke yin shigar sarki da fadawansa su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu a gaban idonsu. Akwai tashe na watan azumi, akwai 'yan kama da suke kwaikwayon malamai, akwai kalankuwa a ƙauyuka bayan kaka, inda samari suke naɗa sarakunansu na wasa. Duk waɗannan suna da wani izini wanda al'ada ta ba su: abin da aka faɗa cikin wasa ba a kai mutum gaban alƙali a kansa. Aminu ya ɗauki wannan tsohon izini ya shigar da shi aji.

Tsakanin 1938 da 1939 ya rubuta wasanni biyu waɗanda sunayensu suka tsira har yau. Na farko shi ne Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba?, wanda ya yi magana a kan yadda 'yan kasuwar birni marasa tausayi suke cutar mutanen ƙauye. Na biyu kuwa, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo maganar nauyin harajin da ake ɗora wa talakawan karkara. Sa'an nan daga 1939 zuwa 1941 ya rubuta gajerun wasanni wajen ashirin don 'yan makaranta, a ciki yana yi wa wasu al'adu da zamani ya wuce ba'a, yana kuma zolayar yadda En'e take gudanar da mulki a ƙarƙashin inuwar Turawa.

A duba abubuwa biyun nan da ya zaɓa, kasuwa da haraji. Yaro ɗan birni, ɗan gidan alƙalai, wanda ba a taɓa ƙwace masa damin gero ba, da ya so da sai ya rubuta labarin Gizo da Ƙoƙi malamansa su tafa masa. Sai ga shi ya nufi wurare biyun da kuɗin manomi yake zurarewa. Manomi yana kai amfanin gonarsa kasuwa ne don ya sami kuɗin haraji, tun da Bature ba ya karɓar hatsi sai sule da kwabo. A kasuwa dillali da mai awo su rage masa, a gida kuma mai unguwa da dagaci da hakimi su karɓi abin da ya rage, wani lokaci har da ƙari wanda ba ya cikin rasit. Duk wanda ya fahimci wannan zagaye ya fahimci rabin mulkin mallaka a Arewa, kuma ga alama Aminu ya fahimce shi tun bai kai shekara ashirin ba.

Su wane ne 'yan kallo? Yawancinsu 'ya'yan sarakuna ne da na hakimai da na manyan ma'aikatan En'e, watau waɗanda ake shiryawa su gaji kujerun da ake yi wa dariya, ga kuma malamai Turawa a zaune a gaba. A nan ne gwanintar take. Da ya tashi ya faɗi maganar kai tsaye, da an kira shi ofis. Da ya sa ta a bakin wani ɗan makaranta da ya naɗa rawani ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, sai kowa ya yi dariya, mai laifi da marar laifi. Mutum kuwa in ya taɓa yi wa abu dariya, tsoron abin ba ya komawa yadda yake da.

Ba a Arewa kaɗai aka taɓa yin haka a ƙarƙashin tutar Ingila ba. A ƙasar Bangal, gabashin Indiya, wani ma'aikacin gidan waya mai suna Dinabandhu Mitra ya buga wani wasa a shekarar 1860 mai suna Nil Darpan, watau madubin baba, a kan yadda Turawa masu gonaki suke tilasta wa manoma shuka baban rini maimakon abincin da za su ci. Wasan ya tayar da ƙura har aka ci wani ɗan mishan, James Long, tara aka kuma ɗaure shi wata ɗaya a 1861 saboda ya fitar da fassararsa da Turanci. A 1876 hukuma ta kafa dokar da ta ba ta ikon hana duk wasan da ba ta so, a 1878 kuma ta kafa wata don jaridun da ake bugawa da harsunan ƙasar, abin da ya sa jaridar Amrita Bazar Patrika ta Sisir Kumar Ghosh, wanda shi ma marubucin wasanni ne, ta koma fita da Turanci zalla don ta kuɓuta. Ashe tun kafin Lugga, wanda shi kansa a Indiya aka haife shi, ya iso Kano da Sakkwato a 1903, masu mulkin Ingila sun riga sun san abin da dandalin wasa yake iya yi. Abin da ya fid da Aminu shi ne nasa wasannin a cikin makaranta ake yin su, ana ɗaukarsu aikin yara.

Sai dai wannan kariya tana da tsada. Wasannin an yi su, an kalla, an watse, amma ba a buga su a littafi ba, kuma babu wanda zai yi mamaki, tun da injin buga littattafan Hausa a hannun hukuma yake. Saboda haka in ana lissafa tarihin rubutaccen wasan Hausa, bayan na East sai a tsallaka zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda ya fito a 1949, sa'an nan a zo kan wasannin Shu'aibu Maƙarfi. Waɗannan suna koyar da tsabta da ilmi da gyaran hali, kuma sun yi amfani ƙwarai. Amma wasan da ya fara duban mai mulki ido da ido ya riga su da shekara goma, ɗalibai kuwa sunansa kawai suke haddacewa don jarrabawa.

BAUCI: DAGA DANDALI ZUWA JARIDA

A shekarar 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. Can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau suna koyarwa, ya kuma haɗu da mutumin da ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa, watau Malam Sa'adu Zungur. Sa'adu ya girme shi da 'yan shekaru, ya yi zurfi a ilmin Larabci, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Kwalejin Yaba ta Ikko, kuma ya riga ya gwada kafa ƙungiyar tattaunawa a Zariya kafin rashin lafiya ya mayar da shi gida. Sa'adu mawaƙi ne mai kaifin harshe, ba ya rufa-rufa. Aminu kuwa mai ban dariya ne, ya iya zama da yara, ya ci gaba da shirya wasanni da 'yan makarantarsa. Haɗuwarsu ta yi daidai.

Lokacin kuwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kama Malaya a 1942, sai Ingila ta rasa inda take samun yawancin kuzarta, ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar dubban manoma daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ramukan haƙar kuza, inda sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Hakimai da dagatai aka ɗora wa alhakin cika adadi, kuma kowa ya san ɗan wa ake ɗauka, ɗan wa ake bari. Wannan ba maganar da za a yi cikin wasan yara ba ce. Jaridar Hausa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a kan kujerar edita, ta hukuma ce, kuma akwai iyakar da ba za ta iya ƙetarewa ba ko da edita ya so. Saboda haka Aminu da Sa'adu suka riƙa aika rubuce-rubucensu Ikko, ga jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Da yake dokar aiki ta hana ma'aikacin gwamnati sukar hukuma a jarida, sai suka fake da sunan wata ƙungiyar kyautata zaman jama'ar Bauci, wadda sunanta ya fito a 1943.

Hukuma ta ga gara a yi maganar a gabanta da a yi a Ikko, sai aka buɗe wani zauren tattaunawa a Bauci inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke haɗuwa, Aminu yana sakatare. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da aka fara muhawara a kan amfanin mulki ta hannun sarakuna, har aka kai ga tambayar da me ake auna albashin sarki, sai aka ga abin ya wuce inda aka nufa, aka rufe. A cikin shekarun nan ne kuma ya rubuta wani ɗan littafi da Turanci a kan Kano a ƙarƙashin gudumar mulkin danniya na En'e. Abokan adawarsa sun sha cewa haushi ne ya sa shi, don mahaifinsa ya riƙe muƙamin Alƙalin Kano na ɗan lokaci amma ba a tabbatar masa ba. Mai yiwuwa abin ya yi masa zafi, ɗan Adam ne. Amma abin da ya rubuta bai tsaya a ƙofar gidansu ba, kuma mai neman kujerar ubansa ba ya fara da ɓata wa masu naɗi rai.

A 1946 aka ba shi sukolashif zuwa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Ya iske jam'iyyar Leba tana mulki, ya yi cuɗanya da 'yan gurguzunta da ɗalibai daga ƙasashen da ake mulka, kuma yana cikin wannan karatu Indiya ta kama hanyar samun 'yancinta na 1947. Hanyar Gandhi ta ƙin bin umarnin zalunci ba tare da ɗaukar makami ba ta zauna masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Daga can ya ɗauko shawarar kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1948, shi ne kuma sakatarenta.

MARU

Bai daɗe da komowa Bauci ba aka yi masa canji zuwa kwalejin horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato, cikin ƙasar da ta zama Jihar Zamfara a 1996. Mutane da yawa sun ɗauki canjin a kan nesanta shi da Sa'adu da kuma manyan garuruwa. Idan haka aka nufa, to, an kai mai neman kuka inda ake jifa. Makarantar tana horar da malaman elementare ne, watau samarin da za su koma su buɗe aji a garuruwa irin su Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi da Anka da Talatar Mafara. A wancan zamani malamin elementare shi ne mai karanta wa gari wasiƙa da rasit da jarida. Wanda aka ba horon waɗannan, an ba shi kunnen lardi guda.

Daɗin daɗawa, gabashin Sakkwato shi ne ainihin ƙasar da wasanninsa biyu na farko suke magana a kanta, ko da yake sunan Kano ke kan ɗaya. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta tsaya a Ƙauran Namoda. Gyaɗa da audugar da aka noma a ƙasar Zurmi da Shinkafi da kewaye can ake kai su a kan jakuna da raƙuma, a ɗora bisa sikelin kamfanonin Turawa da 'yan barandansu, manomi yana tsaye bai iya karanta abin da sikeli ya nuna ba. Kaka na yi haraji na fitowa, Fulani kuma ga jangali. Tsakanin manomi da Sarkin Musulmi a Sakkwato akwai tafiyar kwanaki da matakala mai tsawo ta masu sarauta, kowane mataki kuwa yana da baki. Abin da Aminu ya tsara a takarda yana ɗalibi, a nan ya zauna a tsakiyarsa yana babban mutum.

A Maru ya yi ƙoƙarin kafa wata ƙungiya ta gyaran makarantun allo, don yana ganin bai kamata a bar almajirai a baya ba alhali su ne mafi yawa. Ya ci gaba da aikin ƙungiyar malamai, yana kuma cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka fara a 1948 a matsayin ƙungiyar al'adu, Dokta R. A. B. Dikko yana shugaba. Bai jima ba ya fara samun saɓani da hukumar En'e ta Sakkwato. A nan ne ya ga iyakar abin da malami mai cin albashin gwamnati zai iya yi. Wasa yana sa dariya, wasiƙa a jarida tana sa Razdan ya yi tambaya, amma haraji na nan yadda yake.

Watan Agusta na 1950 ya raba hanya. Ran 8 ga wata wasu samari takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A cikin watan nan kuma tsohon abokin aikinsa na Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tashi a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna ya kawo shawarar a gyara tsarin En'e. Malamai biyu daga makaranta ɗaya, ciwo ɗaya suka gani: ɗaya ya zaɓi gyara daga ciki, ɗaya daga waje. A watan Nuwamba Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati ya bar Maru ya koma Kano, yana ɗan shekara 30, ba gona ba kanti. A 1953 ya zama shugaban NEPU.

TEBURIN LACCA

Daga nan bai ƙara samun sukunin zama ya tsara wasanni kamar da ba, amma sana'ar ba ta bar shi ba. Laccarsa ba jawabi ba ce irin ta mai karanta takarda. Labari yake bayarwa, ya kawo misali daga gona ko kasuwa, ya jawo aya ko tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu, ya sa taro dariya, sa'an nan ya bar su da tambaya. Abin da jam'iyyarsa take koya wa talaka ma kusan duk a aikace ake nuna shi, a gaban jama'a: kada ka yi noman gandun hakimi kyauta, kada ka biya abin da ba a ba ka rasit ba, kada ka zube ƙasa don wani mutum ya wuce. Talakan da ya tsaya a tsaye ranar da aka saba ganinsa a durƙushe, ya yi abin da shafi goma na jarida ba zai yi ba, domin duk kasuwa ta gani. Jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ta koma Kano a 1949 tana da shafin Hausa, ita ta zama muryarsu a rubuce, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu kuma suka kai saƙon inda jarida ba ta zuwa.

Sai dai wannan wasan ba a tashi daga shi a koma ɗakin kwana. Kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk a hannun En'e suke, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan yin taro ba izini ko a kan abin da aka kira zagin sarauta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A Lardin Sakkwato, inda nan ne gidan Sardauna, Firimiyan Jihar Arewa, garuruwan bakin dogo, Gusau da Ƙauran Namoda, su ne wuraren da NEPU ta fi kafuwa, a tsakanin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa, watau mutanen da abincinsu ba a hannun hakimi yake ba. Gaskiya ne kuma cewa Malam Aminu ya fi iya cika fili da cika akwati. A zaɓen 1951 jam'iyyarsa ta yi rinjaye a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, ba ta sami kujera ko ɗaya ba. A 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi, a 1956 kuma Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya, a 1964 kuma ta suɓuce.

Bayan juyin mulkin 1966 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya mai kula da harkokin sadarwa a 1967, daga 1971 zuwa 1974 kuma ya riƙe ma'aikatar lafiya. A zamanin soja ne aka yi yawancin abin da NEPU ta nema aka ɗaure mutanenta a kansa: aka raba Jihar Arewa aka yi jihohi, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, matan Arewa kuma suka sami ikon jefa ƙuri'a.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya kafa PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, watau Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa. Suna hawa a watan Oktoba suka soke haraji da jangali a jihohinsu, shekara arba'in daidai bayan wani ɗalibi ya sa an yi wa harajin dariya a Kwalejin Kaduna. Daɗin bai daɗe ba. A 1980 jam'iyyar ta rabe biyu, Santsi da Taɓo, a kan tarurrukan da gwamnonin biyu suke yi da gwamnonin wasu jam'iyyu ba da yardar shugabanninta ba. Malamin da ya koya wa mutane su tambayi na sama da su, sai ga yaransa sun juyo da tambayar kansa, kuma ba za a ce ya ɗauke ta da sauƙin da ya so sarakuna su ɗauki tasa ba. A watan Yuni 1981 Majalisar Jihar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Duk da haka sunansa bai daina jawo masu alƙalami ba, don marubucin nan Chinua Achebe ma ya shiga PRP. Da zaɓen 1983 ya gabato, Malam Aminu ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takara.

Bai kai ga zaɓen ba. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga watan Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na unguwar Gwammaja. Gidan, wanda ake kira Mambayya, ya koma hannun Jami'ar Bayero ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, an kuma sa sunansa a filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa na birnin. Daga cikin rubuce-rubucensa na Hausa da suka shiga injin bugu akwai Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiya wanda ya fito a 1955, da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur da ya fitar a 1973, shekara 15 bayan rasuwar abokin nasa, da kuma Hikayoyin Kaifafa Zukata na 1979.